Amsoshin Tambayoyinku: "Ina So In Fara Da F-16"

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Zariya. Na daɗe ina kallon bidiyon ƙananan jiragen yaƙi da ake tuƙawa da rimot, suna ƙara kamar na gaske. An ce mini wai da batir suke tashi. Gaskiya ne? In haka ne, me ke cikinsu? Zan iya ƙera nawa da soson kwali, tunda na iya haɗa waya da dalma, ko sai na saya? Na tara 'yan kuɗi, kuma F-16 nake so in fara da shi. Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla.

Amsa: Wanda ya ce maka da batir suke tashi bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen dai ya ba ka. Iri biyu ne. Akwai masu injin jet na haƙiƙa, ɗan mitsitsi kamar babban gwangwanin madara, yana shan kananzir, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, iskar da yake fesarwa kuma zafinta ya haura digiri 600. Wani Bajamushe mai suna Kurt Schreckling ne ya nuna wa masu sha'awa a farkon shekarun 1990 cewa mutum zai iya ƙera irinsa a gida, har fankar gaban injin nasa da katako ya yi ta, ya naɗe da zaren kabon. Yanzu kamfanoni irin JetCat na Jamus ke sayar da su, kuɗin injin kaɗai dubban daloli. Mu ajiye wannan a gefe. Naka shi ne na biyun, wanda masu harkar ke kira EDF.

EDF fanka ce a cikin bututu, shi ke nan. A samu moto na lantarki marar burushi, a ɗora masa fanka mai kunnuwa da yawa, a kulle su a cikin zoben da ya matse su har da ƙyar takarda za ta ratsa tsakanin kunnen fanka da bango. Iska ta shiga ta gaba, ta fice ta baya a guje. Babu mai, babu harshen wuta. Da faɗin fankar ake ambaton girman jirgin: milimita 50, 64, 70, 80, 90. Ta milimita 70 takan juya wajen sau 40,000 a minti. Wannan gurnanin da ya sace maka zuciya kuwa aikin fanka mai kunne 12 ne. Tsofaffin masu kunne biyar ko shida ihu kawai suke yi kamar injin yankan ƙarfe.

Yanzu ka ba ni aron hankalinka, don duk abin da zan faɗa nan gaba daga wannan wuri ya tsiro. Ka kwatanta mafici da zuga-zugin maƙeri. Mafici yana kora iska mai yawa a hankali, zuga-zugi yana matso iska kaɗan ta ƙaramin baki da ƙarfi. Jirgi mai farfela mafici ne, jet kuwa zuga-zugi. Kafin zuga-zugi ya ba ka turin da mafici ke bayarwa cikin sauƙi, sai ya ci wuta ninkin-ba-ninkin, shi ya sa batirin jet ke ƙarewa kamar ana zubar da shi. Na biyu, kuma wannan ne ke karya sababbin shiga: jirgi mai farfela a hanci, iskar farfelar tana bi ta kan fikafikai da jela, saboda haka ko yana tafiyar hawainiya, da ka taɓa totur zai ji sitiyari. Shi jet iskarsa ta cikin cikinsa take bi ta fita ta baya, ba ta shafar fiffike ba ta shafar jela. Ba ya jin maganarka sai yana gudu. In gudun ya ragu, kana iya murɗa sandar rimot har ta karye, kallonka kawai zai yi ya faɗo. Jirgi ne mai gajeren numfashi wanda ba ya rayuwa sai a guje.

Maganar batir ba baƙuwarka ba ce, danginsa kake cirewa daga bayan waya kullum. LiPo ake kiransa. Kowane sel bolt 3.7 ne a rubuce, in ya cika 4.2. Ana jera sel-sel a rubuta 3S, 4S, 6S. Jet na milimita 70 mai ƙarfi yakan ɗauki 6S, wato bolt 22.2, ya zuƙi amfiya wajen 70 in an taka totur har ƙasa. Ka buga lissafin: wat 1,500 da 'yan kai, ya fi abin da dutsen guga da yawa ke ci, a jikin abin da nauyinsa bai wuce kilo biyu da ɗoriya ba. Batir mai mAh 4,000 kuwa, in ka raba 4 da 70, ba ka samu minti uku da rabi cikakku ba, kuma ba a shanye shi tas. Saboda haka tashi ɗaya minti uku ne zuwa huɗu, in ana sassauta totur. Wutar da ke cikin batirin manyan wayoyi kusan biyar ce ke ƙonewa kafin mai shayi ya gama soya maka ƙwai. Masu bidiyo ba sa nuna maka wannan, kamar yadda ba sa nuna maka sa'a gudar da za a yi ana caji kafin a sake tashi.

Tsakanin batir da moto akwai wani ɗan allo da ake kira ESC, shi ke karɓar umarnin totur ya raba wuta ga wayoyi uku na moton. Ka sayi wanda ya zarce abin da fankar ke ja, in tana jan 70 ka sa mai 80 ko 100. Idan ka haɗa ka ji iska na fita ta gaba maimakon baya, kar ka tayar da hankali, ka musanya kowace waya biyu cikin ukun. Abu ɗaya dai: ƙarfen narka dalma da kake aiki da shi a kan allon waya ba zai iya da waɗannan wayoyin ba, kaurinsu ya kusa na fensir. Ka nemi mai wat 80 ko 100. Dalmar da ba ta kama da kyau ba takan narke a sama in amfiya 70 ta bi ta kanta, jirgi ya yi tsit.

Kai da ka sha ganin batirin waya ya kumbura har ya ɗaga gilashi, ba sai na tsorata ka da yawa ba. Sai dai wannan ba shi da ɗan allon kariya irin na waya, tsirara yake. Caja ta musamman yake so, mai daidaita sel ɗaya-ɗaya, kuma a ba shi wuta daidai cikinsa, mai 4,000 a ba shi amfiya 4. Yawancin cajojin suna aiki da batirin mota ko na sola, don haka rashin wutar NEPA ba uzuri ba ne. Ni a tsakar gida nake caji, cikin tukunyar ƙasa da na zuba wa yashi, kuma ba na barin wurin. Ba a kan katifa ba, ba a ɗakin da yara ke kwana ba. In za a ajiye shi kwanaki, a sauko da shi zuwa bolt 3.8 kowane sel, don ajiye shi a cike cikin zafin nan namu shi ke kumbura shi. Kar kuma a bar shi cikin mota a rufe da rana. Wanda ya kumbura ko ya lanƙwashe, ya gama aiki, kar tsadarsa ta sa ka ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya.

To, mu zo kan F-16. Ƙanena, ba zan yi maka kara ba: a'a. Ba don na raina basirarka ba, hannun da ke sauya ƙafar caji a ƙarƙashin gilashin ƙara girma ya fi ƙarfin ɗaura sukurori goma. Matsalar a idonka da yatsunka take, ba su riga sun koyi sama ba. Irin wannan jirgi yana kai kilomita 150 zuwa 160 a sa'a, wato filin ƙwallo daga raga zuwa raga bai kai masa daƙiƙa uku ba. In yana tafiya gaba, damarka damarsa ce. Da ya juyo yana fuskantarka, dama ta koma hagu. Wanda zai tsaya tunanin "wace ce damar ma?" kafin ya samu amsa jirgin ya kai ƙasa. Ƙari a kan haka, fiffiken F-16 ƙarami ne ga nauyinsa, tayoyinsa a matse suke, bakin shan iskarsa kuma a ƙarƙashin ciki yake, daf da ƙasa, yana share tsakuwa da yashi yana aikawa cikin fanka. Launinsa toka-toka, ka tashe shi cikin hazon Janairu ka ga ikon Allah, sai ya narke a sararin sama kana ji kana gani.

Da rarrafe yaro kan tashi. Rarrafen farko a kwamfuta ake yinsa. Akwai manhajoji irin RealFlight da ake haɗa rimot na gaske da su, ka faɗi sau ɗari ka danna maɓalli jirgi ya dawo sabo. Ka yi ta sauka har sai ta gundure ka. Daga nan sai jirgin koyo mai farfela, mai fiffike a sama da jiki, wanda in ka saki sanda yake neman daidaita kansa, irin Apprentice ko AeroScout. In ka samu wanda ya iya, ana haɗa rimot biyu, naka da nasa, in ka rikice ya karɓe tuƙin kamar mai koyar da mota. Sai ka sauke wannan sau hamsin ba ka karya taya ba, cikin iska da rashinta, sannan mu yi zancen jet. Jet ɗin farko ma ka nemi mai miƙaƙƙen fiffike mai faɗi. Kamfanin E-flite yana da ɗaya na milimita 70 da aka yi domin koyo, mai na'urar da ke miƙar da shi in ya karkace. Sunansa zai ba ka dariya: Habu STS. Ba Habun gidanku ba ne, sunan wani maciji ne mai dafi na tsibirin Okinawa a Japan, wanda aka laƙaba wa jirgin leƙen asirin Amurka SR-71 lokacin da yake tashi daga can. In kuma lallai sai mai kamar soja, ka dubi L-39 Albatros, jirgin koyon da aka ƙera a tsohuwar Cekoslobakiya ya fara tashi a 1968. Sojin saman Najeriya da shi suke horar da matuƙa a Kano. Ka ga su kansu masu abin ba da na yaƙin suke farawa ba.

Wajen saye ka buɗe ido da haruffan da ke jikin kwali. RTF na nufin komai na ciki har rimot. PNP kuwa, wanda akasarin jet ke zuwa a haka, jiki ne da moto da ESC da ƙananan injinan murɗa fikafikai da ake kira sarbo, amma babu rimot, babu risiba mai karɓar umarnin rimot, babu batir, babu caja. Mutum ya ga farashi ya yi murna, kaya su iso ya tarar tsugune ba ta ƙare ba.

Zancen ƙera naka, ƙwarai kuwa za ka iya, ni ma abin da ya fi burge ni a wasiƙarka ke nan. Fanka da moto da kayan lantarki dole a saya, jiki kuwa aikin hannu ne. Farin soson da ake naɗo firji da talabijin a ciki yana da sauƙin samu, amma garas-garas ne, ga shi ba ya shiri da sufa gulu ko fentin feshi. Ka san yadda fetur ke narka shi a liƙe ramin kwanon rufi, to haka su ma suke cinye shi. Gara falle-fallen soso mai laushin fuska, kaurin milimita 5 ko 6, irin Depron, ko allon soso mai takarda a fuska biyu. Mutanen Flite Test a Amurka sun wallafa zanen jirage da yawa na irin wannan allo, har da jet mai fanka, ana saukewa a buga a takarda a yanka a kai. Gam mai haɗi biyu irin Araldite shi ne na wuraren ɗaukar nauyi, a shafa kaɗan don yana da nauyi. Gam ɗin kyandir da suke yawan amfani da shi can ƙasar sanyi ka yi hattara da shi, ranar Afrilu tana mayar da shi kamar alewa. Cikin fiffike kuma a sa ƙashi, sandar kabon in ta samu, in babu a fere busasshiyar gora.

Inda masu ƙira ke faɗuwa shi ne hanyar iska, kuma a nan zan ɗan daɗe. Fanka mai kyau a cikin bututu mara kyau asarar kuɗi ce. Ƙofar shiga ta zama aƙalla daidai da filin da kunnuwan fanka ke sharewa, leɓenta a zagaye sumul, ba kaifi ba, cikinta babu waya a rataye, babu tudun gam. Shi ya sa za ka ga jirage na kamfani da wasu ramuka masu raga a ƙarƙashin ciki waɗanda na gaske ba su da su, ƙarin numfashi ne ake sato wa fanka. Bayan fanka kuwa bututu ya tafi yana tsukewa sannu a hankali, bakin fita ya zama kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na wancan fili. Ga fankar milimita 70, bakin zai kama wajen milimita 58 zuwa 60. In ka tsuke fiye da haka iska za ta fita da gudu amma turin tashi ya ragu, moto ya yi zafi. In ka bar shi a wangale za ka samu turi a ƙasa, gudu ya yi ƙaranci a sama. Farar robar nan mai shara-shara da masu bandin takardu ke sawa a bangon littafi, naɗe ta kawai za ka yi ta zama bututu mai kyau, ba nauyi. In ka gama, ka kafa hancin jirgin a kan sikeli, ka taka totur ka ga nawa yake turawa. Ni in turin bai kai kashi uku cikin huɗu na nauyin jirgin ba, ba na fita da shi, sai na rage masa kaya.

Saura saiti, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wannan a gida ake yinsa, cikin natsuwa, ba a fili yara sun kewaye ka ba.

Babba a ciki shi ne ma'aunin nauyi. Kowane jirgi yana da wani wuri a ƙarƙashin fiffike da in ka ɗora shi kan yatsu biyu zai tsaya daidai, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Littafin jirgin zai gaya maka milimita nawa ne daga gaban fiffike. In naka ne na gida mai miƙaƙƙen fiffike, fara da rubu'in faɗinsa daga gaba, in kuma mai komawa baya ne ka yanka ƙaramin samfurinsa ka yi ta jefawa a tsakar gida kana matsar da ƙusa a hancinsa har ya yi lilo lafiya. Da batir ake gyara ma'aunin, a matsar da shi gaba ko baya, sannan a ja layi da alƙalamin maka. Nauyi ya rinjayi gaba, jirgi zai yi taurin kai ya sauka da gudu, amma za ka koma gida da shi. Ya rinjayi baya, buhu za ka nema.

Ni na san wannan da aljihuna. Wata safiyar Asabar cikin bazara na fita da wani jet na milimita 70 da na yi wata biyu ina lallaɓawa. Na auna shi a gida, na ja layi. Sai dai igiyar ɗaure batir ta yi gajarta, na ce abin kamawar nan mai kama da ƙarangiya, irin na takalman yara, ya isa. Ban yi la'akari da cewa jirgin ya yi rabin sa'a a rana ina gaisawa da mutane ba, gam ɗin da ke bayan abin ya saki. Na taka totur, ya sheƙa, ya ɗaga hanci gwanin kyau. Sai hancin ya ƙi tsayawa. Na tura sanda gaba, ya sunkuya da ƙarfi, na sassauta, ya sake miƙewa tsaye kamar doki ya yi tirjiya. Batirin ya zame baya da faɗin yatsu huɗu. Ya tsaya cak a kan jelarsa yana ihu, fiffiken hagu ya faɗi, ya juya sau ɗaya da rabi. Duka-duka bai kai daƙiƙa goma ba. Kafin in isa, yara sun riga ni. Na daka musu tsawa suka ja baya, na sa sanda na janyo batirin, ya lanƙwashe kamar ayaba, na tura shi kan yashi. Bai yi minti ɗaya ba ya fara huci, farin hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe, sai wuta. Ina tsaye ina kallon kuɗina na ci, wani yaro ya taɓo ni, ya miƙo mini ɗan mutum-mutumin matuƙin da ke cikin gilashi, ya ce, "Baba, direban bai mutu ba."

Tun ranar, igiya biyu nake ɗaura wa batir, kuma sai na ɗaga jirgin na girgiza shi kafin in ajiye a ƙasa.

Na biyu a cikin saitin shi ne alƙiblar sitiyari. Ka tsaya a bayan jirgin, ba a gabansa ba. Tura sandar dama zuwa dama: ɗan marfin da ke bayan fiffiken dama ya ɗaga sama, na hagu ya sauka. Ja ta baya: marfin jela ya ɗaga sama. Ganin suna motsi bai wadatar ba, sai ka faɗa da bakinka ina kowanne ya nufa, kuma kafin kowane tashi, ba sau ɗaya ba. In akwai na'urar daidaitawa, ka karkata jirgin da hannu ka tabbata tana yaƙar karkatar, ba taya ta take yi ba. Motsin marafan ya zama kaɗan, yadda littafi ya ce. A gudun jet, milimita goma ma magana ce babba. A rimot akwai saitin da ake kira expo, mai tausasa tsakiyar sanda, ka sa kashi 25 ko 30 saboda rawar hannun ranar farko. Ka saita abin da jirgin zai yi in sigina ta yanke, wato moto ya mutu, ka kuma gwada ta hanyar kashe rimot kana riƙe da jirgin gam. Ka gwada nisan sigina da tafiya taku talatin a yanayin gwaji na rimot ɗin. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. Kuma yatsa, igiyar wuya, bakin riga, kar su kusanci ƙofar iska in batir na haɗe.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Iska mai zafi ba ta da kauri. A digiri 40, a tudu irin na Kano ko Zariya, kaurinta ya ragu da fiye da kashi goma cikin ɗari a kan ta bakin teku a ƙasar sanyi, inda aka ɗauki bidiyon da kake kallo. Fanka za ta kama iska kaɗan, fiffike ma haka, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, ya kuma sauka da gudu. Soson jiragen kamfani kuwa in rana ta dake shi yakan yi ƙuraje kamar fatar kada, musamman ƙarƙashin gilashin matuƙi, don haka a rufe shi da farin zane. Da sassafe ake wannan sana'a, kafin rana ta yi zafi, kafin guguwa ta fara yawo. Ƙasan fikafikai ka shafa masa launi mai ihu, ruwan lemo ko ja, ko da ba haka na gaske yake ba. Filin ƙwallo ya yi kaɗan. Kana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri na gudu, da sarari mai faɗi a gaba da gefe, babu gidaje, babu turakun wuta, babu mutane. In filin yashi ne da tsakuwa, ƙaramin jet na milimita 50 ko 64 da ake jefawa da hannu ya sauka a kan ciki bisa ciyawa ya fi maka mai taya.

Kafin ka kai ga filin ma akwai hukuma. A watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a yarda a tayar da jirgi marar matuƙi ba sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma wannan ofishi ne ke ba da takardar shigo da irin waɗannan kaya. Ka bincika wannan kafin ka tura kuɗi waje. Kai da ke Zariya ka fi kowa sanin garinku gari ne na jirage da sojoji, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke nan tun 1964, ɗalibai na shawagi ƙasa-ƙasa. Ka nisanci filin jirgi, bariki, gidan yari da gidan gwamnati nisa na gaske. A Amurka da Turai iyakar tsawon da aka yarda shi ne mita 120, kai ma kar ka haura. A halin tsaron da muke ciki, abu mai siffar jirgin yaƙi yana kuwwa a kan ƙauye ba wasa ba ne a idon wanda bai san ka ba. Ka je ka gai da mai unguwa, ka sanar da 'yan sandan yankin, ka buɗe jirgin su ga soso ne da batir.

Ranar tashi, ka fuskanci iska. Taka totur a hankali har ƙarshe, ka bar shi ya yi gudu, ya ƙara gudu, fiye da yadda zuciyarka ke so. Kar ka fizge shi daga ƙasa, ɗan ja kaɗan ya isa, ya hau a kwance-kwance. Juyin farko ya zama nesa da mutane. In ya yi sama ka rage totur zuwa rabi da ɗoriya, ka gyara shi har ya tafi miƙe ba tare da hannunka ba. Sannan, tun yana can sama, ka rage gudu sannu-sannu ka ga inda yake fara laushi da yadda yake faɗuwa, don ka san wannan fuskar tasa kafin ku haɗu kusa da ƙasa. Agogon rimot ka sa shi minti biyu da rabi a tashin farko.

Sauka ita ce jarrabawar. Kuskuren wanda ya saba da farfela shi ne ya kashe totur ya ce zai yi lilo ya iso. Jet in an kashe masa wuta, bututun nan birki yake zama. Ka riƙe rubu'in totur ko sama da haka, ka zagayo da faɗi, kar ka karya kwana a matse yana tafiya a hankali, a nan fiffike ke faɗuwa ba sallama. Da totur ake ƙara ko rage saurin gangarowa, sandar jela kuwa ta riƙe hanci a ɗan ɗage. Sai tayoyi sun kusa shafar ƙasa za ka janye wutar. In ka ga lissafin bai yi ba, ka yanke shawarar sake zagayowa tun da nisa, saboda daga taka totur zuwa jirgin ya samu gudun da zai ji sitiyari akwai jinkirin da kan ji kamar shekara. Wannan ne dalilin minti biyu da rabin, a bar wutar zagaye biyu a ajiye. Bayan ya tsaya, cire batir, taɓa shi da bayan hannu, ɗumi ba laifi, zafin da ba ka iya riƙewa laifi ne. Auna sel-sel: in suna wajen 3.75 zuwa 3.8 ka yi daidai, in sun sauka 3.6 ka rage lokaci. Ka haska fitilar waya cikin bututu ka duba ko tsakuwa ta ɓantare kunnen fanka, don kunne ɗaya mai tsagewa a juyi 40,000 yakan tafi da sauran.

Kuɗin da ka tara kuwa, ga inda zan kai su in ni ne. Rimot mai kyau na 2.4GHz, mai tasha takwas ko fiye, wanda ke ajiye saitin jirage da yawa, daga irin su RadioMaster, FrSky, Spektrum ko Futaba. Sai wayar haɗa shi da kwamfuta, caja ta kirki, jirgin koyo mai farfela da batir uku. A kan rimot ɗin kar ka yi ƙoron kuɗi, shi dai ba ya barin ƙasa. Wanda nake tuƙi da shi yau shi ne wanda ke rataye a wuyana ranar da yaron nan ya miƙo mini direba.